Lemun Tsami a Shingen Jibiya

Ni ce Luba mai fura, wadda ta yi shekara tara tana zama bakin shingen Jibiya. Ba na son a tuna mani da bazarar da agana ta shigo, amma kullum sai na tuna wa kaina. Wajen shekara huɗu ke nan kafin Turawa su tafi. Ciwon ya fara daga ƙauyukan Bugaje, ya gangaro Daddara, kafin a ankara ya cika ƙasar, har aka kafa bukkoki bayan gari ana kai waɗanda suka kamu. Sai hukuma ta aiko da malamin lamba, wani siriri mai suna Malam Uwaisu, ya kafa tebur gindin tsamiya dab da shingen. Ba mai ƙetarawa ƙasar Faranshi sai ya nuna tabo a damtse, in babu a tsaga mashi nan take. Can gaba ma 'yan duwan, masu tsaron iyaka na Faranshi, haka suke dubawa.

Ita lambar ba wani abu ba ce, ɗan tsagi ne da tsinken ƙarfe, a ɗiga magani. Abin da ke biyo baya shi ake tsoro. Bayan 'yan kwanaki wurin ya tashi, damtse ya kumbura, hammata ta yi kaluluwa, zazzaɓi ya kwantar da ƙato. To fatake da hannu suke ci. Wanda ba ya iya ɗaga mangala ya aza wa jaki, ina zancen tafiya Maraɗi?

Dabarar ba ni na ƙirƙiro ta ba, wurin wata tsohuwa na gani. Da an tsaga, kafin maganin ya bushe, sai a matse lemun tsami a wurin a murje da ɗan toka. Shi ke nan, tsagin yana nan don 'yan duwan su gani, amma ba kumburi ba zazzaɓi. Rumfata kuwa tana bayan tsamiyar, zana ya kare ta. Mutum ya baro teburin malam ya ce bari ya sha fura, ya zagayo, in murje mashi, ya wuce. Ban taɓa karɓar komi a kan wannan ba. Wallahi taimako na ɗauke shi, har daɗi nake ji in an ce hannun Luba da sauƙi.

Malam Uwaisu ba wawa ba ne. Wata rana da azahar ya zo shan fura, ya duƙa ya tsinci ɓawon lemu, yana jujjuya shi. Na zaci dogari zai kira mani. A'a, zama ya yi. Ya ce kumburin nan da nake korewa shi ne maganin yake aiki, wanda bai kumbura ba daidai yake da wanda ba a taɓa ba. Sai ya lissafa mani mutum uku da ke kwance a bukkokin bayan gari.

"Baiwar Allah, ukun nan da hannuna na yi masu lamba. Duk kuma sun sha furarki."

Ni da bakina ba ya jiran shawara, na taso mashi. Na ce fura ba ta kashe mutum, ciwo na Allah ne, in ya gama ya aje mani ludayina. Ya aje, ya yi godiya, ya tafi. Amma ukun nan na san su, na san damtsen kowane. Ranar nan, damun da na yi ko ni ba na iya sha.

Kwana uku ina ce wa mutane lemu ya ƙare. Na kasa zama wuri ɗaya, in tashi in leƙa teburin, in dawo, in sake tashi. Ba don mutanen gari ba, ba zan yi ƙarya ba. Don Yaya Ya'u ne. Shi kaɗai gare ni, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya aurar da ni, da auren ya mutu ɗakin gidanshi na dawo. Falke ne, kullum yana kan hanyar da ciwon yake bi, kuma ba a taɓa yi mashi lamba ba, don ta cikin gulbi yake zagaye shingen. Taurin kai kuwa, ko jakunanshi sun sallama mashi.

Ran na huɗu aka sa masu tsaro a hanyar gulbi. Da hantsi sai ga Yaya da abokin tafiyarshi Ɗantala, tun suna samari tare suke kora jakai. Goro suka ɗauko, shi kuwa goro ba ya jiran kowa cikin zafin nan. Aka tsaga masu, suka zagayo rumfata suna riƙe da hannun riga. Yaya ya zaro lemu biyu daga aljihu, ya ce ya ji labarin nawa ya ƙare.

Na faɗa mashi abin da malam ya ce, kaf, ban rage ba. Ya yi dariya, ya tambaye ni yaushe aka naɗa ni likita. Ya ce in ba zan yi ba in ba shi wuƙa ya yanka lemun ya yi da kanshi, rana tana yi. Na san zai yi. Ɗantala kuma yana ta tsokanata yadda ya saba, wai siririn malam ya sace zuciyar mai fura, a shirya goron biki tunda ga shi an ɗauko.

Na karɓi lemun na yanka. Ɗantala ya fara miƙo hannu. Yaya yana tsaye a kaina, ido kan yatsuna. Na matse a kan tsagin sosai, na murje da toka, yadda na yi wa mutum ɗari kafin shi. Ɗantala ya ja iska ta haƙori, ya ce madalla. Da Yaya ya ga haka hankalinshi ya kwanta, ya miƙo nashi, ya juya yana daka wa wani jaki tsawa don ya nufi ƙwaryar wata mai ƙosai. Sai na sauko ƙasa da tsagin kamar yatsa biyu, na murje lafiyayyar fata, na dasa farce don ya ji zafi, na shafa toka kewaye, na ja hannun rigar na rufe. Suka sha fura suka kora jakai.

Kwana tara ina kallon hanyar Maraɗi. In na hango ƙura in miƙe, in ba su ba ne in zauna, in zagi kaina, in zagi malam. Ran na goma sai ga Yaya shi kaɗai a kan jaki, damtse kamar taɓarya, idanu jajur. Lamba ta kama. A Maraɗi ta kwantar da shi, Ɗantala ya wuce Tasawa da goron. Yaya bai ko sauka ba ya ce hannuna ya lalace, na ja mashi asarar tafiya. Ya daina amsa gaisuwata. Ni kuwa na shiga bayan zana na yi kukan farin ciki.

Bayan mako biyu aka kawo Ɗantala kwance, fuska duk ta feso. Bukkar bayan gari aka nufa da shi. Matarshi tana da goyo, ba wanda zai shiga, sai Yaya ya ɗauki tabarmarshi ya bi shi. Na riƙe mashi riga, ya fizge. Nan hankalina ya tashi na gaskiya, don yanzu za a ga ko maganar malam gaskiya ce, kuma da ran yayana za a gwada. Kullum da safe in kai fura in aje kan wani dutse nesa da bukkar, in ja baya in jira ya fito. Ba gaisuwa nake jira ba, fuskar nake son gani. In ƙura mata ido ina neman ƙurji ko ɗaya, in dawo rumfa ina tantamar ko na duba da kyau, da la'asar in sake komawa. Kwana ashirin da uku ina wannan sintiri, furata tana tsami a rumfa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito mashi ba.

Ɗantala ya tashi, amma idanun ba su tashi da shi ba.

Bayan ruwan farko suka zo rumfata, Yaya a gaba riƙe da kan sanda, Ɗantala a baya riƙe da gindinta. Ya rame, fuska duk zanzana, amma bakin yana nan. Tun daga nesa yake tambaya ko an ɗaura aurena da siririn malam shi yana kwance. Da ya zauna sai ya ce shi dai ba abin da zai ce da hannun Luba sai godiya, ko ɗan kumburi bai yi ba, yayana ne marar sa'a da lemu bai yi wa aiki ba.

Yaya bai yi dariya ba. Ya zagayo inda nake damu, ya duƙa, ya yi ƙasa da murya. Rabon da ya yi mani magana tun ranar da ya dawo.

"Luba, da gangan kika kauce wa nawa?"

"Da gangan, Yaya."

"Ke nan kin sani tun ranar."

"Na sani."

Ya dubi tabon damtsenshi, ya dubi abokinshi.

"To shi fa?"

Na ɗauki ƙwaryar fura na juya. Ɗantala ya riga ya miƙo hannu biyu yana jiran fura, amma wajen zana ya miƙa su, inda ba kowa. Na zagaya na sa mashi ƙwaryar a hannu. Ya ce Allah ya yi mani albarka.