Numfashin Baba Tela

Wayar wutar ba ta kai gidan Baba Tela ba. Mijina ya ja ta daga shagon mai magani, inda suke da sola, ta ƙare a bakin kwata. Ya ce in ciro ta firijinmu a haɗa.

Maƙwabcinmu ne, Baba Tela. Ciwon huhu ya kwantar da shi tun bara, asibiti suka ba shi aron injin da ke hura masa iska ta hanci. Injin sai da wuta, mu kuwa tun da taransifomar unguwa ta ƙone ba mu sake ganin haske ba.

'Yarsa ta sayar da keken ɗinkinsa ta kira mai sola. Mutumin ya duba injin, ya sosa ƙeya, ya ce abin da ke hannunta farantin sola ɗaya zai saya da ƙaramin batir. Ta ce a sa hakan. Farantin ya ɗauki ƙwan fitila da fanka, amma da an jona injin sai ya yi gurnani ya mutu. Aka aro janareto, hayaƙin ya riƙa tayar wa Baba da tari har da jini.

Ranar da aka kafa farantin ma sai da Baba ya tsokane ni. "'Yata, ranar da ta ƙona mana ƙeya kyauta, yau an sa mata farashi."

Da na miƙa wa mijina wayar firijin, na shiga na sami Baba jingine da bango, leɓɓansa sun yi baƙi, 'yar tana yi masa fifita da kwali. Ya tambaye ni da ido ina mijina. Na ce yana waje yana haɗa waya.

"Ku bar wahalar da shi cikin rana," in ji shi, kalma ɗaya ɗaya.

Aka fere wayoyin da reza, aka naɗe da leda. Lokacin da injin ya tashi, kan Baba ya riga ya langaɓe. 'Yar ta ci gaba da gyara masa robar a hanci, sai da na riƙe hannunta.

Washegari bayan jana'iza na leƙa ta katanga, 'yar tana wanke kayan shimfiɗarsa. Ta shanya rigar matashin, ta koma kan zanin gado. Kafin ta gama matse shi, rigar ta bushe.