Gida Na Tara

"Ɗaga littafin sama, idona ba ya kaiwa," in ji Malam Daudu.

Sama'ilu ya ɗaga, yana kau da hanci. Ɗakin warin ciwo yake, Malam kuwa ya ƙare a kan tabarma, sai ido da ƙashi. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyar da lissafi a sakandare, wanda kaf Kazaure ba ɗan bokon da bai san tsawarsa ba, yau ko buta ba ya iya ja.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Sama'ilu ɗalibinsa ne a da, yanzu babban ma'aikaci, da motar ofis da direba. Da aka yi fari rijiyoyin unguwa suka ƙafe, ga kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka ce a haƙa sabuwa ta siminti. Sama'ilu ne ya zaɓi wurin, gangaren tsohon juji, don nan motocin manya za su samu wurin tsayawa ranar buɗewa. An yi tafi, an ɗauki hoto, har yau hoton yana rataye a falonsa. Wata biyu bayan nan zazzaɓi da ciwon ciki suka shigo unguwa.

Malam bai tsaya surutu ba, littafi ya ɗauka ya bi gida-gida. Gida sha biyu masu shan sabuwar rijiya, takwas da majinyaci. Gida sha biyu masu zuwa tsohuwar rijiyar gindin dutse wadda ba ta ƙafe ba, huɗu kawai. Ya kai wa Sama'ilu ofis ya ce a rufe rijiyar.

Sama'ilu ya yi dariya ranar, ya mayar masa da karatunsa kaf, ko wasali bai ci ba. "Allah gafarta Malam, ai kai ka koya mana. Ka fara da zaton babu bambanci. Kada ka bar wannan zato sai in sa'a kaɗai ba za ta kawo abin da ka gani ba ko sau biyar cikin ɗari. Naka nawa ya bayar?"

"Sha ɗaya."

"To ka gani! Ni da ka yi wa bulala a kan wannan, yaya zan karya doka?"

Malam ya haɗiye, don gaskiya ce, shi kuma bai iya murɗe lamba ba. Ya dawo gida da littafinsa. Ashe ciwon ya riga ya shige shi.

Yanzu ga shi kwance, yana nuna shafin da yatsa.

"Gidana yana cikin sha biyun sabuwar rijiya. Da ni mun zama tara. Na sake lissafin jiya, Saude ta riƙe min fensir. Ya sauko ƙasa da biyar, Sama'ilu. Da ƙyar, amma ya sauko. Rufe ta."

Sama'ilu ya duba. Ba kuskure, Malam bai taɓa kuskure ba. Sai hoton falo ya faɗo masa a rai, da bakin mutanen kasuwa, da ƙarin girman da yake jira. Tsoro ya kama shi, tsoron kuwa ya koma haushi.

"Haba Malam! Shekararka nawa? Naka ai tsufa ne, ba ya shiga lissafi. Kuma mai gwaji ba ya ƙirga kansa."

"A wane aji na faɗi haka?"

"Allah dai ya ba ka lafiya," in ji Sama'ilu, ya ajiye littafin ya nemi takalminsa.

Daga tsakar gida Inna Saude, matar Malam, ta ce, "Ɗan nan, yara ke shan ruwan nan fa." Ya yi kamar bai ji ba. Shi dai tun ranar da littafin ya je ofis, direbansa ke kawo masa ruwa duro biyu daga gindin dutse, a shigar da su ta ƙofar baya. Inna Saude tana jin ƙarar duron ta katanga, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Malam ya cika ranar Laraba da hantsi. Kafin azahar an kai shi. A zaure Sama'ilu ya fi kowa yabo, yana cewa ba a sake yin malami irinsa ba, tsufa dai ba shi da magani. Mutane suna gyaɗa kai, ƙarar guga kuma tana tasowa daga bakin rijiya.

Da la'asar ya shiga ciki yi wa Inna gaisuwa. Ya durƙusa gaban mata cike da tsakar gida.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya. Ka sha rana, ɗan nan."

Ta tashi da kanta, ta buɗe randa, ta ciko kwanon sha har baki, ta dire masa a kan littafin Malam da ke ajiye a gabansa.

"Na rijiyarka ne, yanzu aka jawo. Bismillah. Ai ka ce babu komai."

Sama'ilu ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya kai shi daidai haɓa, ya tsaya. Ruwan yana zuba gefe, yana ɗiga a kan bangon littafin, Inna Saude kuma ta koma tabarmarta ta ɗauki carbi tana jira.