Kamshaf Mai Sanyin Murya

A garejinsu na unguwar Al-Sulay, can ƙasar Larabawa, maigida ya bar wa Almustafa zaɓe tsakanin kamshaf biyu, wato sandar da ke buɗe bawul, ƙofofin iska na injin motar tsere. In motar ta yi abin kirki a tseren ranar Juma'a, Almustafa zai zama makanikinta na dindindin, ya samu halin ɗauko amaryarsa Zouera daga Maraɗi.

Ransa ya kwanta da wanda ke sa inji gurnani, don ya yi wa Zouera alkawarin za ta ji rurin motar.

Oumarou, babban makanikinsu, ya tuntsire da dariya. "Ango, da kunne kake zaɓe? Wannan yakan bar bawul biyu buɗe tare. Iskar da turbo ke cusa wa injin, ta salansa za ta tsere."

Almustafa ya daɗe yana shafa ƙarfen, sannan ya ɗauki ɗayan, mai sanyin murya.

Da ya tayar mata da injin ta waya, Zouera ta ce, "Masoyi, keken ɗinki ka gyara?"

Ranar Juma'a keken ɗinkin ya bar abokin karawarsa a baya. Maigida ya dafa kafaɗarsa: "Khalas, shi ke nan, aikin naka ne."

Almustafa ya kira Zouera. "Fara haɗa kayanki."