Yankan Tela a Jikin Jirgi

Tun da aka rufe iyaka Muhyiddeen bai sake riƙe biro da sunan aiki ba. A da shi ke cike wa direbobin manyan motoci takardun kaya a bakin boda, tsakanin Illela da Konni. Da motoci suka daina wucewa sai ya dawo gida, ya kafa benci a kusurwar ɗakin ɗinkin matarsa Mahbuba, ya buɗe wani kwali da wani direban Kwatano ya taɓa ba shi kyauta. A ciki akwai sanduna sirara da fallaye shida na wani ice da ake kira balsa, marar nauyi kamar ɓargon kara, mai laushin da farce ke lumewa a jikinsa. Tun yana yaro yake ƙera jirage da karan dawa. Wannan karon ya ɗauki wata biyu yana haɗa ƙwarangwal ɗin jirgin sama, tsawonsa kamar daga kafaɗar mutum zuwa yatsu, haƙarƙari bayan haƙarƙari.

Mahbuba ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, domin ta san muddin yana kan bencin nan ba ya majalisar Idi. Idi ɗan kawunsa ne, direba, kuma ya riga ya samar masa kujera a motar da za ta bi ta daji zuwa Agadas ranar Laraba, daga nan a nausa wajen haƙar zinariya. Ta wannan hanyar yayanta Abdulmalik ya bi shekara huɗu da suka wuce. Ya buga waya sau biyu, daga nan shiru har yau. Muhyiddeen ma har ya ba ta wandonsa ta ɗinka masa ɓoyayyen aljihu a ƙugu don ajiye takardu. Ta yi rabin ɗinkin ta tura shi ƙarƙashin tarin yaduka.

Sai ga Hajiya Latifa, mai wata makaranta a Sakkwato, wadda kan zo kasuwar Lahadi sayen yadi ta bar wa Mahbuba ɗinki. Ta ga ƙwarangwal ɗin, ta daɗe tana juya shi a hannu. Ta ce ba sai ya tashi ba, ita na ajiyewa take so. Idan Muhyiddeen ya lulluɓe shi da katako tsaf, ya kai mata Litinin ta sama, bayan kwana takwas, ta sa a akwatin gilashi a zauren makaranta kafin taron iyaye, za ta ɗauke shi ya koya wa yara aikin hannu. Muhyiddeen ya ce wa matarsa in abin ya yiwu ya zauna, in bai yiwu ba Laraba tana nan.

Zuwa Juma'a ya gama fukafukai da jela, sun cinye fallaye huɗu. Saura biyu, da gangar jikin jirgin tsirara. Asabar da sassafe aka bugo waya cewa ƙanin mahaifinsa ya rasu a Tozai. Idi ya ɗauke shi a babur, suka ce sai bayan la'asar.

Mahbuba ta goya 'yarsu Rumaisa, ta zauna gaban keke, amma idonta na kan benci. Yini guda ya tafi ke nan, kuma aikin reza ba ya yiwuwa sai da hasken rana. Ga takardun awo mijin ya yanka ya jera, guda takwas, kowace da lambarta. Ta ga yadda yake yi sau da yawa: a yanka, a shafa ruwa a bayan fallen, a lanƙwasa shi a kan haƙarƙari, a sa gam, a soka fil. Fil ɗin ma nata ne. Ta ce a ranta ko yankan kawai ta yi masa ta rage masa rabin wahala.

Da ta ɗora takardun a kan fallayen sai ta ga alamar fensir da ya yi, duk ya jera su a tsaye, ya bar gefe-gefe a banza. Abin ya sosa mata rai. Shekara tara tana fitar da riga da zane da ɗankwali daga yadin da wata tela za ta ce bai isa ba. Ta juya takardun a kwance, ta matsa wannan ta cusa wancan, har duka takwas suka shige, ga kuma ragowa mai faɗin tafin hannu. Ta bi layin da reza a nutse, ta jera su bisa lamba, tana jin daɗin abin da zai ce.

Sai ta ce bari ta gwada ɗaya. Ta shafa ruwa, ta ɗora a bayan jirgin, ta danna a hankali. Fallen ya ƙi kwanciya. Ta ƙara dannawa, ya ce ƙas, ya rabe biyu. Ta ɗauka ruwan ne bai isa ba, ta jiƙa na biyu sosai. Shi ma ya karye a wuri ɗaya.

Ta ɗaga guntun zuwa taga. A nan ta ga jijiyar icen, siraran layuka masu bin hanya ɗaya, kamar zaren tsaye a jikin yadi. Ta dubi fiffiken da mijinta ya rufe: jijiyar ta bi tsawonsa. Nata kuwa duka takwas jijiyar ta kewaye cikin jirgin ne. Atamfa in ka juya ta takan yi haƙuri. Wannan icen ba ya yi. Ta zauna a ƙasa da goyo a bayanta.

Da azahar ta sa hijabi ta fita. Ta bi masu katako a bakin kasuwa ɗaya bayan ɗaya da guntun a hannu. Wani ya shinshina ya ce bai taɓa gani ba. Wani ya miƙo mata falankin silin, wanda ya fi jirgin gaba ɗaya nauyi. Wani dattijo ya ce irin wannan sai Kwatano ko Legas, kuma ko yau aka aika sai ta yi sati biyu tana jira. Ta dawo ƙafafunta duk ƙura, ba ta ɗora girki ba.

Bayan la'asar ta ji tsayawar babur. Muhyiddeen ya shigo, Idi na biye da shi yana neman ruwa. Ta yi musu gaisuwar rashi da muryar da ita kanta ba ta gane ba. Mijin ya dubi benci, ya ɗauki guntu ɗaya, ya juya shi.

"Mi kinka yi, Mahbuba?"

"Abban Rumaisa, lokaci na ga shina tahiya. Na ce in rage maka."

"Ba ki ga hensir ba?"

"Na gani. Na ɗauka ɓarna ce."

Idi ya leƙo ta kafaɗarsa, ya yi dariya. "Yo ai matarka ta yi maka tsimi, ɗan'uwa. Ga ragowa nan ta ɗankwali, sai a ɗaura ma jirgin."

Ba wanda ya taya shi. Muhyiddeen bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Ya ajiye guntun, ya ce ba komai, dama Allah bai nufa ba, ya tambaye ta ko ta gama wandon. Ta ce ya bar mata jirgin zuwa safiyar Litinin. Ya ce mi za ta yi, ta ɗinke shi da keke? Ya fita raka Idi, bai dawo ba sai magariba.

Lahadi, ranar kasuwa, ranar da ta fi samun ɗinki, Mahbuba ta tura ƙofar ɗakin ta ce wa maƙwabciya duk mai nemanta a ce ba ta da lafiya. Tun asuba abu ɗaya ke yawo a kanta. Tana da buhun ƙyallaye a bayan keke, da su take haɗa bargon jarirai, kuma ba ta taɓa zubar da ƙyalle don ya yi gajere ba. Ta auna tazarar haƙarƙari ɗaya zuwa na gaba da tef, ta auna guntayen ta wajen jijiya. Sun kai, da ɗan rara. Ta ɗauki reza ta tsaga guntu ɗaya bisa jijiyarsa, siriri kamar tsinken tsintsiya biyu a haɗe, ta ɗora shi daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari. Ya kwanta. Ta tsaga wani ta manna a gefensa.

Aikin ba ya sauri. Gam na kama yatsu, reza ta yanke ta sau biyu, ta naɗe yatsan da ƙyalle don kada jini ya taɓa icen. Rumaisa ta yi kuka har ta gaji. Layukan farko sun fito a karkace, da ramuka a tsakani. Zuwa hantsi ta gano in ta ɗan fere gefen kowane tsinke sai ya rungumi ɗan'uwansa. Da aka kira azahar ta rufe gefe ɗaya kawai, kuma hancin jirgin, inda komai ke tsukewa, ya gagare ta. Ta manna ta ɓare sau uku.

Ba ta san tun yaushe Muhyiddeen yake tsaye a bakin ƙofa ba. Ya matso ya shafa gefen da ta gama da bayan yatsa.

"Ki hi sirantawa ga hanci," ya ce. "Matsa. Ke yanka, ni in manna."

Haka suka yi har rana ta yi ja, ba hira, sai miƙo da karɓi. Ragowar nan mai faɗin tafin hannu ita ta rufe ƙarƙashin ciki, ba ta bar ko tsinke ba. Ya tara garin katakon ya kwaɓa da gam ya cike ramuka, ya goge da samfefa, takardar nan mai kaushi. Gefen dama ya fito sumul, kamar jikin kwalekwalen masuntan tafkin Kalmalo. Gefen hagu, inda ta fara, duk wanda ya duba zai ga tabo.

Litinin da safe ya shafa masa mai, ya naɗe shi da tsohon zanenta, ya shiga motar Sakkwato da kwalin a kan cinya. Mahbuba ta zauna gaban keke da wayarta a kan yadi. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke. Azahar ta wuce. Idi ya aiko a tambaya ko ɗan'uwansa ya dawo, mai mota na son tabbaci.

Wayar ta yi ƙara gab da la'asar. Muhyiddeen ya ce Hajiya ta ga tabon tun kafin ya ajiye, ta tambaya, shi kuma ya faɗa mata yadda aka yi. Ta juya gefen hagun ya fuskanci bango, ta rufe gilashi. Ta ce ya fara farkon wata, zango ɗaya na gwaji, daga nan a gani.

"Ki aika ma Idi," ya ce. "Ya ba wani kujerar."

Ta ce to. Da ya kashe ta gyara goyon Rumaisa a bayanta. Sannan ta ɗaga tarin yaduka ta zaro wandon, allura na nan soke a rabin aljihun. Ta ɗauki reza za ta farke ɗinkin, sai ta tsaya. Zango ɗaya wata uku ne. Ta zare allurar kawai, ta ninke wandon, ta sa shi can ƙasan akwati, ta ɗora zannuwanta duka a kai.