Ƙusar Tagulla

Shekarar da kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta yi tsanani, kamfanin haƙar mai ya sallami Nu'man daga Douala, ya dawo unguwarsu ta Briqueterie da akwati ɗaya da tarin zane-zane. Injiniya guda, ga shi yana kwana a ɗakin bayan shagon tela. 'Yan unguwa suna kiransa Enjeniyer, rabi girmamawa rabi tsiya.

Bai zauna haka ba. Ya zana wata ƙugiya ta ƙarfe da ake zurawa cikin rijiyar mai ta cafko bututun da ya karye a ƙasa. Dabararta duka tana jikin wata 'yar ƙusa ta tagulla. Da gangan ya zaɓe ta mai laushi: in bututun ya ƙi tasowa, ƙusar ta karye, ƙugiyar ta saki, a ciro ta lafiya. Wani ƙaramin kamfani ya yarda a gwada, in ta yi su ɗauke shi aiki. A wannan zamani dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

Wa zai ƙera? Sai Alim, mijin ƙanwarsa Jaratu, mai injin feƙe ƙarfe a hanyar Messa. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Kuma kwano ɗaya suke ci, don haka Nu'man bai kwance ƙugiyar ya duba cikinta ba. Ina zai kai kunyar a ce yana binciken aikin mijin ƙanwarsa?

Tare suka je gwaji. Ƙugiya ta cafki bututu, bututu ya ƙi, ƙugiya kuma ta ƙi saki. Aka yi ta ja har dole aka bar ta a ciki, rijiya ta toshe. Shugaban aikin ya tambayi Alim ko ya canza wani abu. Alim ya ce shi abin da ke takarda ya bi.

Aka ce zanen ne bai yi ba, amma ƙira ta yi kyau. Aka sallami Nu'man, aka ɗauki Alim aiki.

Wata da watanni Nu'man yana bin lissafinsa yana neman inda ya kuskure. Ya rame, ya daina zama wurin masu tsire. Har ya fara yarda cewa kansa ne ya tsufa.

Ranar sunan ɗan Jaratu na huɗu, ta kawo masa tuwo da kanta, tana ba shi baki.

"Yaya, kada ka ga kamar maigidana bai damu da kai ba. Tun kafin ku tafi ya ce mini ya ga wata ƙusa mai laushi a aikinka, ya cire ya sa ta baƙin ƙarfe mai ƙwari, don kada ka ji kunya."

Nu'man ya ajiye lomar da ya ɗauka. Canjin ƙusar bai ƙona masa rai ba, kuskure ne na mai son alheri. Shirun Alim ne ya ci shi: mutumin nan ya kalle shi yana ramewa, kullum yana ce masa Allah ya kawo mafita.

Kalma ɗaya ga kamfanin za ta wanke shi, ta kuma raba Alim da aiki. Ya dubi yaran Jaratu da sababbin takalma, ya dubi jaririn a bayanta.

Alim ya leƙo, fuska a sake, ya ce, "Yaya, liman na jira, kai za ka raɗa wa yaron suna."

Nu'man ya wanke hannu ya bi shi.