Inda Kiɗan Kuramochi Ya Tsaya

"Ɗakin da ke saman shagonka nake so," in ji Kuramochi. "Kullum, daga bayan abincin rana har rana ta faɗi."

"Ka yi me a ciki?"

"In kaɗa jita. Da ƙarfi. A gidan hayarmu ko tari na yi sai matar da ke ƙasa ta dunguri silin da sandar tsintsiya."

"Ni kuma in samu me? Ciwon kai?"

Ya ɗora dogon akwati a kan teburina ya buɗe. Tun ina saurayi nake saye da sayar da kayan gwanjo a wannan layi namu na Osaka. Karatuna bai yi nisa ba, amma idona ba ya kuskuren kaya. Jitar 'yar Amurka ce, tsohuwa, ja, fentinta ya koɗe inda hannu ke gogarta. Na taɓe baki kamar an kawo mini tukunya mai yoyo.

"Gyara fuskarka, Obata, tsohon ɓarawo. Na san ka gane ta. Ran da na mutu, taka ce."

"In ka ƙi mutuwa fa?"

"Likita ne shaidata. Ya ce ba zan ga furannin bazara ba."

Na dube shi da kyau. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, farin idonsa ya koma rawaya. Na miƙa masa makullin ɗakin.

Kuramochi maƙwabcina ne tun da daɗewa, bango ɗaya ya raba shagona da gidan da yake haya. Da ƙuruciyarsa ya yi kiɗan Turawa na rok da wasu abokansa uku, gashi har gadon baya, wando kamar an ɗinka shi a jikinsa. Suka yi faifai ɗaya, bai karɓu ba, suka watse. Yunwa ta kai shi wani kamfanin wasannin kwamfuta, can ya zauna har furfura, yana yi wa 'yan mutanen da ke tsalle a allo kiɗa. Akwai wani ɗan kiɗansa da babu wanda ya tashi a zamaninmu bai san shi ba. Direban tasi na yin fitonsa da baki, mahauci ma na yin fitonsa. Amma ka tambaye su wa ya yi shi, sai su ce ai na wasan ne.

Makon farko kwanukan shagona har rawa suke a kan kanta. Mitsue mai taliya ta tsallako titi da ludayi a hannu.

"Malam Obata, yankan wa ake yi a samanka?"

"Maƙwabci ne ke mutuwa."

"To ya mutu a hankali mana! Masu cin abincina ba sa jin junansu."

Washegari sai ga ta da kwanon romo, wai in kai masa, kada in ce daga ita ne.

Da na hau da kwanon na same shi zaune kan wata kujerar da na kasa sayarwa, jitar a cinya, yana haki.

"Abu ɗaya kake ta maimaitawa," na ce. "Har na haddace shi. Ba ka da wani?"

"Ba maimaitawa nake ba. Fita nake nema." Ya ajiye cokalin. "Ka san kiɗan wasa ba ya ƙarewa? Ba ka san tsawon lokacin da yaro zai yi a wuri ɗaya ba, saboda haka sai ka ɗinke wutsiyar kiɗan da kansa, ya yi ta zagayawa, kada a ji ɗinkin. Wannan ce gwanintata. Ɗaruruwa na yi, babu ɗaya mai ƙarshe. Yanzu guda ɗaya nake so in yi wanda zai kai wani wuri ya tsaya da kansa. Amma duk na zo bakin ƙofa, sai yatsun nan su mayar da ni farko ban aike su ba."

"Ka buga da ƙarfi sau ɗaya ka ɗaga hannu mana. Haka na ga ana yi a talabijin."

"Wannan katsewa ce, jahili. Ba ƙarewa ba."

"Ni a wurina in kaya ya bar shago, ya ƙare."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sanyi ya shigo sosai. Matakala ta fara gagararsa, sai na riƙa tallafarsa, shi a gaba ni a baya, tsofaffi biyu muna nishi. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ba. Tsoro nake kada ya faɗo da jitar. Kiɗan ma ya rage ƙarfi, kwanuka suka daina rawa. Ina ƙasa ina ciniki, kunnena na sama. Na san gangarar da yake bi, na san inda yake ɗan hawa, na san daidai wurin da zai yi jinkiri kamar mai laluben takalmi a duhu, sannan ya zame ya koma farko. Wata rana har na ji kaina na ce "Kash!" a gaban wata mai sayen fitila.

Rannan ina goge wani agogon bango, Kuramochi ya zo wurin nan a kiɗan. Ya yi jinkirin. Na jira zamewar. Sai ya ja sauti ɗaya, dogo, siriri, ya bar shi yana raguwa har na kasa sanin lokacin da ya ɓace. Shiru.

Na hau da sauri gwargwadon gwiwoyina. Yana zaune, hannun damansa ya sauka gefen kujera. Lasifikar jitar na ɗan gurnani.

"Ya ƙare ke nan?"

"Ai ka ji."

"Na ji ya tsaya. Kai ka tsayar da shi, ko hannun ne ya gaza?"

Ya kalle ni da ɗan murmushi a gefen baki.

"Kira mini mota, Obata. Ka bar jitar a nan."

Bai sake fitowa daga asibiti ba. Na je dubiya sau ɗaya, na tarar yana barci, na ajiye lemo na fito.

A wurin makoki ƙanwarsa Tomoe ta so a sa jitar a akwatin gawa a ƙona su tare, tunda ƙona gawa ake yi a ƙasarmu. Ma'aikacin wurin ya rusuna ya ce ba a sa ƙarfe. Ban taɓa son wata doka kamar wannan ba. Sai wasu tsofaffin abokan aikinsa na kamfani suka roƙi a sa sanannen kiɗan nan yayin da muke jera furanni a gefen fuskarsa. Aka sa. Muka gama jerawa, muka koma muka tsaya. Ma'aikacin ya ɗora yatsa a kan maɓalli yana jiran kiɗan ya kai ƙarshe ya kashe. Kiɗan ya zagayo. Ya sake zagayowa. Mutane suka fara satar kallon juna, shi kuma gumi ya keto masa. Daga baya dai ya riƙa rage sautin kaɗan-kaɗan kamar mai satar fita daga ɗaki. Mitsue ta toshe baki da hankici, ban sani ba kuka take ko dariya.

Jitar ba ta yi wata a shagona ba. Wani mai kuɗi daga Tokyo, wanda ya tashi da wasan, ya zo ya saya ba tare da ya taya ba. Kafin ya rufe akwatin ya kaɗa ɗan kiɗan wasan a kanta, da kuskure biyu, ya share hawaye.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda ya faɗi, duk layin sun ce ni na ci, kuma ban musa ba. Kuramochi ya ba da jita ya sami ɗaki mai ƙura da kujera mai gurguwar ƙafa. Sai dai shi ya san ko ya fita ta ƙofar da yake nema, ni kuwa ban sani ba, kuma ba a ɗauki kiɗan a faifai ba, a kaina kaɗai ya rage. Da yamma in ina jawo ƙofar shago sai in ji ina yin fitonsa da baki. In na zo wurin nan sai in tsaya, ƙofar a rabi, hannuna a sama, har Mitsue ta kunna fitilar shagonta a tsallaken titi.