Godiyar Gidan Shekari

A cocin su Damaris, can cikin unguwar Nasarawa a kudancin garin Kaduna, Lahadin da ke bin Kirsimeti ranar godiyar iyali ce. Gida-gida ake kira. Waɗanda aka kira sai su taso daga bakin ƙofa cikin ankonsu, uba a gaba, uwa da 'ya'ya a baya, suna takawa har gaban bagade, wani da doya a kafaɗa, wani da zakara yana ta mutsu-mutsu a hammata. Matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, su ne ke raka su da waƙa. In sun isa, a miƙa wa mutum ɗaya abin magana, ya faɗa wa jama'a abin da Allah ya yi musu a shekarar. Wasu tsakani da Allah suke godiya, wasu kuwa sabuwar atamfa suka zo nunawa, kuma babu wanda bai san su waye ba.

Bana Damaris ta fi kowa abin godiya, shi ne kuma ya hana ta sakat.

Da damina 'yan bindiga suka tare motar da ta ɗauko matasan cocin daga wani biki a ƙauye. Suka shiga daji da mutum biyu 'yan layinsu: Ebenezer ɗan Damaris, da Dauda ɗan Jummai. Ita Jummai ba maƙwabciya ce kawai ba. Tare suka zo Kaduna suna amare, mazajensu na aiki a masana'anta ɗaya a Kudenda. Jummai ce ta riƙe Damaris ranar da ta haifi Ebenezer, Damaris kuma ita ta tsaya wa Jummai lokacin da mijinta ya rasu ya bar mata Dauda shi kaɗai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, ita ma ba ta kai kafaɗa ba, ta kanta suke miƙa wa juna gishiri da gulma.

Da aka ɗauke yaran, a ɗakin Jummai suke haɗuwa. Suka yi azumi har zannuwansu suka daina zama a ƙugu. A nan Damaris ta ɗaga murya ta yi wa Allah alkawari: in ya dawo mata da ɗanta, za ta kai akuya gaban bagade ranar godiya, ta faɗa wa duniya da bakinta. Jummai ta ce amin, ita ma ta yi irin nata.

Ebenezer ya dawo wajen kaka, ƙafafu a kumbure, wuya ya zama kamar mariƙin lema. Dauda bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi a daji, babu magani, ya cika a gefen abokinsa. Ko gawa ba a samu ba. Ebenezer ya faɗi wannan sau ɗaya a gaban dattawan coci, daga nan ya ja bakinsa ya rufe, sai dai a gan shi zaune bayan ɗaki yana kallon kaji.

Mai ba da waƙa a Zumuntar Mata kuwa, tun kafin a sa wa cocin rufin kwano, Jummai ce. Ke nan ranar godiya ita za ta rako ɗan Damaris gaban bagade da bakinta.

Ana jajiberin Kirsimeti Damaris ta samu mijinta Shekari a tsakar gida yana zuba wa akuyar dusa. Dabbar ta yi ƙiba, ba ta san abin da ake tattalinta dominsa ba.

"Baban Eben, da mun bar godiyar nan sai baɗi," in ji ta.

Shekari bai ɗago ba. Mutum ne wanda in ya ce gobe, to gobe ce, ko da ruwa ko da iska. "Da kika yi alkawarin, kin ce wa Allah sai baɗi?"

"Jummai nake ji."

"Ni ma ina jin ta. Amma ba mu muka kashe yaron ba. In muka ɓoye godiyarmu kamar kayan sata, me muka ce wa wanda ya dawo mana da namu?"

Ita ma tsoron take ji. A ranta tana ganin in ta saɓa alkawarin, abin da aka ba ta ana iya karɓewa. Daga bayan ɗaki Ebenezer ya ce, "Momi, zan je, amma ni ba zan yi rawa ba." Rabon da ya haɗa kalmomi masu yawa haka har ta manta.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, aka shiga rabon abinci. A al'ada yara ake aika da kwanuka gidajen maƙwabta, Kirista da Musulmi, amma na Jummai Damaris ta ɗauka da kanta. Ba ta miƙa ta katanga ba, ta zagaya ta ƙofa kamar baƙuwa. Gidan tsit. Murhu a sanyaye, babu ko ƙamshin albasa, alhali cincin ɗin Jummai ne yaran layin ke yi wa layi kowace shekara.

A bakin ɗaki ta tsaya, ta rasa sunan da za ta kira ta da shi. Tun suna matasan iyaye Maman Dauda take kiranta. Tun rasuwar kuwa sai kewaye-kewaye take yi, "'yar'uwa", "ke", "mutuniyar".

Jummai ta ɗaga labule. "Ki kira ni yadda kika saba, Maman Eben. Ai ni na haife shi, mutuwa ba ta canza wannan ba."

Suka zauna. Jummai ta buɗe kwanon, ta yaba shinkafar, ta rufe. Damaris ta yi ta juya bakin zaninta a yatsa, ta yi maganar tsadar tumatir, ta yi maganar wutar lantarki, sannan ta daure ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce in Jummai ba za ta iya ba, sai a sa wata ta ba da waƙar. In ma ta ce a fasa godiyar, za ta san yadda za ta yi da Baban Eben.

Jummai ta dube ta. "Da nawa ne ya dawo, naki bai dawo ba, da na yi godiyar?"

Damaris ta ci gaba da juya bakin zaninta.

"Da na yi," in ji Jummai. "Da na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi, ke kuma da kin biyo bayana kina kuka. Ki yi abinki. Eben a bayana ya yi barci sau nawa? Ba wata ce za ta rako shi ba, ni zan rako shi."

Damaris ta kama hannunta tana hawaye. Ta ce ba za a ja magana ba, Baban Eben ne zai yi, shi kuwa ba mai dogon zance ba ne. Zai ce sun gode wa Allah, su ajiye akuya, su koma su zauna. Ta fito daga gidan da sauƙin zuciya irin wanda ta manta da shi, har tana jin kunyar sauƙin.

Ran Lahadi coci ta cika har waje, an kafa rumfa ga waɗanda ba su samu benci ba. Gidaje suka yi ta wucewa. Mai godiyar haihuwa, mai godiyar ƙarin girma a ofis, da wani da ya yi ta ba da labarin motarsa har Rabaran ya yi gyaran murya. Sai sakataren coci ya kira gidan Shekari.

Aka buga tulu, aka kaɗa kacau-kacau, muryar Jummai ta tashi. Muryar ba ta rawa, ba ta shaƙe ba, tas take fita kamar kullum. Jama'a suka miƙe tsaye ba tare da an ce su miƙe ba, domin kowa ya san wannan gidan da abin da ya same shi. Shekari na gaba da igiyar akuya, 'yan matan gidan na biye, Damaris na riƙe da hannun Ebenezer. Shi tafiya kawai yake yi, kai a sunkuye, rigar ankon ta yi masa yawa. Da suka zo daidai bencin Matan Zumunta, Damaris ta ji hannunsa ya yi sanyi a cikin nata. Jummai ta dube shi, ta gyaɗa masa kai, ba ta yanke waƙar ba.

A gaban bagade aka miƙa wa Shekari abin magana. Ya buɗe baki, ya ce, "'Yan'uwa cikin Ubangiji," sai muryar ta ƙi. Mutumin da bai yi kuka a gaban kowa ba duk tsawon damina, ga shi kafaɗunsa na girgiza a gaban coci guda. Ya juya ya tura wa matarsa abin maganar.

Damaris ba ta shirya komai ba. Ta ce, "Mun gode wa Allah." A nan ya kamata ta tsaya. Amma jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga baya, Damaris ta juya ta ga ɗanta tsaye da ransa, ɗan da ta riga ta yi kukan mutuwarsa a ɓoye. Murna ta taso mata daga ciki, murna ta gaske, wadda ta daɗe tana dannewa don kunyar maƙwabciya. Bakinta kuwa ya kama hanyar da ya sani. Tun tana yarinya take jin masu shaida suna faɗin kalmomin nan, ita ma ta sha yi musu tafi, ba ta taɓa tsayawa ta auna su ba.

"Na yi kuka, ya ji ni," in ji ta. "Na yi azumi, bai bar ni na sha kunya ba. Da yawa sun shiga dajin nan ba su fito ba, amma Allahn da nake bauta wa ba ya barin nasa. Wanda ya riƙe shi da gaskiya, ba zai taɓa yashe shi ba."

Coci ta ɗauka da tafi. Kalmomi ne da aka saba yi wa tafi, hannuwa suka yi aikinsu kafin kawuna su yi nasu. Sai tafin ya fara mutuwa daga ɓangaren mata, benci bayan benci. Mai buga tulu ta sa tafin hannu ta rufe bakin tulun. Ebenezer ya zare hannunsa daga na uwarsa.

A lokacin Damaris ta ji abin da ta faɗa. Ta juya. Jummai na tsaye a inda take, fuskarta ba fushi, ba hawaye, kallonta kawai take yi. Rabaran ya yi sauri ya sa albarka, ya haɗa da addu'a domin waɗanda ke makoki, amma magana ta riga ta fita. Al'ada kuma ta ce a raka iyali su koma mazauninsu da waƙa. Jummai ta ɗaga murya ta raka su, har baiti na ƙarshe.

Sauran sujadar Damaris ba ta san me aka yi ba. Ana tashi ta kutsa cikin mutane, masu rungumarta suna yi mata barka tana zamewa. Ta samu Jummai a ɗan ɗakin ajiya na bayan coci, tana jera kayan kiɗan Zumunta ita kaɗai.

"Maman Dauda, ki yafe mini. Allah ya sani ba haka nake nufi ba. Bakina ne ya..."

"Na sani," in ji Jummai. Ta ajiye tulun a kusurwa, ta gyara masa zama. "Ba ki faɗa don ki cuce ni ba. Da don cuta kika faɗa, da ya fi mini sauƙi, sai in yi fushi in huce. Abin da ke ranki ne ya fito, Maman Eben. Kuma ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan tun kaka, ban dai taɓa ji daga bakin mutum ba sai yau."

"Ba gaskiya ba ne. Kin fi ni riƙon Allah, kowa ya sani."

"To ki faɗa mini. Ba ya barin nasa. Nawa yaron na waye?"

Damaris ta buɗe baki. Duk ayoyin da ta haddace, duk kalmomin ta'aziyya da ta sha faɗa a gidajen makoki, babu wanda ya zo mata. Jummai ta jira ta, jira na gaske, kamar mai fatan a ba ta amsa. Da ta ga babu, sai ta ɗauki jakarta.

"Bayan sabuwar shekara zan koma ƙauye wurin ƙanena. Dama ina ta tunani, ke ce kike riƙe ni. Ki kula da Eben, kada ki bar shi yana zama shi kaɗai." Ta raɓa ta gefenta ta fita, ba ta taɓa ta ba.

Damaris ta bi ta zuwa farfajiya, amma 'yan matanta suka tare ta, suka ja ta gindin mangwaro inda iyali ke jiranta. Mai hoto ya jera su, uba a tsakiya, Ebenezer a gefen uwarsa, duk cikin anko, babu wanda ya ɓace a gidan Shekari. Ta saman kafaɗar mai hoton tana hango Jummai ta nufi ƙofar coci, mutane suna matsa mata hanya.

"Mama, ki dubo nan," in ji mai hoto. "Ranar godiya ce fa, ki ɗan yi murmushi."

Damaris ta dubo, ta yi.